Ƙanshin Kafur a Famfon Layin Ɗinya

Kwanakin baya wasu samari suka zo gyaran bututu a ƙofar gidana, ina zaune a tabarma ina kallonsu. Suka yanke roba, suka shafa gam, suka haɗa, suka mayar da ƙasa, alhali ruwan kwata na kwance a cikin ramin, ko bakin bututun ba su wanke ba. Da na yi magana, ɗayansu ya yi dariya ya ce, "Baba, ai aikin famfo ba wani abu ba ne, haɗa wannan da wancan ne kawai." Ban yi gardama ba. Na ce in sun gama su zo su sha inuwa. Abin da na gaya musu ran nan shi zan maimaita, don na lura ba su kaɗai ke da wannan tunani ba.

Sunana Salisu. Na zo Kaduna daga ƙasar Zazzau ana dab da gama yaƙin basasa, na shiga aikin ruwa a matsayin lebura. Aka haɗa ni da wani tsohon ma'aikaci, Baba Garba, wanda ya fara aikin tun zamanin Turawa. Dogo ne, ba shi da yawan magana, kunnensa na dama ƙarar inji ta kashe shi, saboda haka kullum yakan karkato maka na hagu. Amma da wannan kunne ɗaya yana jin abin da mu masu biyu ba ma ji.

Aikin farko da ya sa ni, ba bututu ya ba ni ba. Bakin kogi ya kai ni, inda inji ke jawo ruwa, ya miƙa mini dogon ƙarfe mai ƙugiya ya ce in share ragar da ke tare shara. Damina ce, kogi ya cika ya yi ja. Na jawo kara, na jawo tsumma, na jawo mushen akuya ya kumbura. Ina tofar da yawu, shi kuwa yana tsaye yana kallona. Ya ce, "Ka gani? Wannan shi za ka sha gobe. Abin da ke tsakaninsa da bakinka, mu ne." Daga nan ya bi da ni hanyar ruwan da ƙafa. Ga inda ake zuba alif don laka ta dunƙule ta kwanta. Ga manyan kwaruruka na siminti inda ruwa ke tsayawa shiru har ya washe. Ga gadajen yashi da yake tsiyayewa ta ciki. Ga ɗakin maganin kulorin, wanda in ka shiga ba shiri sai ka fito kana tari kana hawaye. Sannan a tura shi tanki a kan tudu, ya gangaro gari. A ƙarshe ya nuna mini Malam Yakubu mai awon ruwa, wani natsattsen mutum mai yawo da akwatin kwalabe. Yakan cika 'yar kwalba ya ɗiga magani; in ruwan ya yi rawaya-rawaya, to kulorin na nan da ransa, in ya tsaya fari fat, to akwai magana.

Kayan aikinmu ba su da yawa, amma kowanne sai an koya. Akwai makullin bawul, dogon ƙarfe mai kai kamar gicciye, wanda ake zura wa cikin rami a murɗa don a buɗe wa unguwa ruwa ko a rufe. In ka buɗe da garaje, ruwa ya bugi bututu ya fasa shi a can inda ba ka gani. Akwai diga da shebur, da sufana manya da ƙanana, da guduma da kurfi. Bututun lokacin na baƙin ƙarfe ne, mai nauyi, kuma ba gam ake sa masa ba. Igiyar rama ake cusawa a mahaɗa, a narka dalma a kasko a zuba, a bi ta da kurfi ana dandaƙawa har ta zauna. Tabon dalmar nan yana nan a bayan hannuna har yau. Sai kuma sandar saurare, sanda ce siririya mai ɗan kai kamar ludayi. Ka ɗora gindinta a kan bututu ko a ƙasa, ka manna kunne a kan. Lafiyayyen bututu yana da gunji mai laushi, ba ya yankewa. Wanda ya tsage yana tsaki. Na yi shekara ina manna kunne ban ji komai ba sai bugun jinina, kafin wata rana a Unguwar Sarki in ji tsakin da kaina. Baba Garba bai yaba mini ba. Cewa ya yi, "To, haƙa."

Mutanen da muke wa aiki kuwa iri-iri ne. Akwai ma'aikatan gwamnati masu famfo har cikin ɗakin girki, waɗanda ƙorafinsu kullum shi ne warin magani ya ɓata musu shayi. Akwai wani malami da ya taɓa tare mu ya ce ruwanmu yana kashe masa tawada, rubutu ba ya baƙi a allo. Akwai 'yan ga-ruwa da garewaninsu, waɗanda suka fi kowa sanin lokacin da muke zuwa, tun daga nesa za ka ji suna cewa, "Ga masu makulli nan!" Rigasa a lokacin rijiyoyi suke sha, in mun bi ta can sai tsofaffi su tambaye mu wai da gaske ne ruwa na hawa tudu da kansa. Duk wanda ya kawo ƙorafin warin magani, amsar Baba ɗaya ce: "Ranar da ka daina jin warin, ranar za ka aiko a kira ni."

Sai shekarar fari ta zo. Damina ta yi gardama, kogi ya ja baya har duwatsun da ban taɓa gani ba suka fito. Da bazara ta kama, ruwan da inji ke samu bai isa gari ba, sai aka koma rabo. Mu buɗe wa wannan unguwa da safe, rana ta take mu rufe, mu je mu buɗe wa wata. A lokacin na riga na zama cikakken ma'aikaci, ina da makullina, amma har yanzu tare muke yawo da Baba. A cikin wannan hali ne cutar amai da gudawa ta shigo gari.

A rabonmu akwai wani layi a arewacin gari, bayan Kawo, da ake kira Layin Ɗinya, saboda wata tsohuwar ɗinya da ke can ƙasansa. Layin gangare ne. Bawul ɗinsa na sama, famfon jama'a na ƙasa a gindin ɗinyar. Cutar ta taɓa unguwanni da dama, ta ɗauki mutum ɗaya nan, biyu can, ta wuce. Amma da ta shiga Layin Ɗinya sai ta zauna. Abin da ya tsorata mutane kuma shi ne yadda take tafiya. Gidajen gabas kawai take bi, daga sama zuwa ƙasa, gida bayan gida, kamar mai rabon goron gayyata. Gidajen yamma, da ke kallonsu ƙofa da ƙofa, ko ciwon kai ba su yi ba, sai wanda ya tsallaka ya ci ko ya sha a wancan gefen.

Kullum muka zo buɗe ruwa sai mu tarar da sabuwar tabarmar zaman makoki a wata ƙofa. Daga baya ma aka daina shimfiɗawa, don babu masu zuwa. Mutane suka koma tafiya ta gefen yamma suna raɓe da bango. Aka fara cewa wani abu ne ke zaune a ɗinyar, yana fitowa da tsakar rana ya haura layin ta gefe ɗaya. Wasu suka ce sun ji shi. In rana ta take, wai, layin ya yi tsit, sai ka ji ana jan numfashi a cikin gidaje, dogon numfashi irin na tsohon da ya hau tudu, ka leƙa ba ka ga kowa ba. Akwai waɗanda suka kwashe iyalinsu suka koma ƙauye. Akwai waɗanda suka kawo gatari za su sare ɗinyar, suka tsaya a gindinta suka kasa ɗaga hannu.

Duba-gari suka zo, suka yi abin da ya kamata. Suka rufe rijiyoyin layin, suka hana sayar da ɗanyen abinci, suka ce kowa ya sha ruwan famfo, shi ne mai magani. Malam Yakubu ya zo da akwatinsa da hantsi, ruwa na tsakiyar zuba, ya auna a famfon gindin ɗinya, kwalba ta yi rawaya sarai. Ya sake zuwa, ya sake aunawa, haka. Mu ma muka samu natsuwa cewa ba daga wajenmu ba ne. Mutuwa kuwa ta ƙaru.

Wata rana da tsakar rana muna bakin bawul za mu rufe, na zura makulli ke nan, sai ga wata tsohuwa ta hauro gangaren, ita kaɗai a gefen gabas, tana riƙe da ƙwarya an rufe ta da faifai. Kowa ya san ta a layin. Gwaggo Hajara ce, mai wankan gawar mata. Gidanta ne na ƙarshe, dab da ɗinyar. Ta tsaya a gabanmu tana haki, ta yi sallama.

Ta ce, "Ku ne masu ruwa?"

Baba ya ce, "Mu ne, Hajara. Lafiya?"

"Ina fa lafiya. Garba, shinshina mini wannan."

Ta ɗage faifan. Ruwa ne garai-garai, ba ka ganin komai a ciki. Baba ya kai hanci, ya daɗe, sannan ya miƙo mini. Akwai ɗan warin maganinmu can ƙasa-ƙasa. Amma a samansa akwai wani ƙanshi mai sanyi, wanda duk wanda ya taɓa shiga ɗakin da aka shirya mamaci ya san shi.

Na ce, "Baba, kafur ne."

Gwaggo Hajara ta ce, "Kafur ne da ganyen magarya. Yau da sassafe na riga kowa zuwa famfo, don ina da aiki. Ruwan farko da ya fito, shi ne wannan. Na ce ko hannuna ne ke ƙanshin, na kira maƙwabciyata ta tara da ƙwaryarta, ita ma haka."

Baba ya ce, "Ko dai wani ya wanke kwano a bakin famfon?"

Ta girgiza kai. "Wannan haɗina ne. Ni nake dakawa, na san yawan da nake sawa. Da hannuna na zuba shi, Garba, amma ba a nan na zuba ba. A kan mutum na zuba shi. Ta ina ya biyo ya same ni a gida?"

Rana ta take, ko kaza ba ta motsi a layin. Baba ya dube ni ya ce, "Rufe." Na murɗa makulli har ya tsaya. Ya ɗauki sandarsa ya ce in biyo shi, muka gangara ta gefen gabas, tsohuwar na biye da mu.

Ba mu yi nisa ba muka ji shi. Daga cikin wani gida da masu shi suka gudu suka bar ƙofa a buɗe, wani dogon ja na numfashi, ya ɗan tsaya, ya sake ja. Baba ya yi sallama, ba amsa, ya shiga. A tsakar gida akwai famfo an bar shi a buɗe, ba ɗigon ruwa, shi ne ke wannan kuka. Baba ya kama hannuna ya manna tafina a bakin famfon. Sai na ji ya kama fatata ya riƙe, yana tsotsa kamar bakin ɗan maraƙi.

Ga abin da ba ku sani ba, ku masu gam da roba. Bututun da ke cike da ruwa turawa yake yi waje. Ko ya tsage, sai dai ya zubar, ba abin da zai shiga. Amma in ka rufe shi daga sama, mutanen ƙasa kuma suna ta ɗiban sauran da ya rage, sai cikinsa ya zama wofi, ya fara ja. Duk inda yake da ɓaraka a lokacin, abin da ke kusa da wurin zai zuƙe, ko mene ne. Ya ajiye shi a cikinsa har gobe, ku buɗe, ruwan farko ya kwashe shi ya raba wa gidaje. Kafin mai awo ya iso da hantsi, ruwa mai kyau ya riga ya wanke hanya.

Baba ya ce, "Yana sha daga wani wuri. Mu nemo."

Matsalar ita ce, an shimfiɗa bututun gabas tun wurin yana daji. Da mutane suka zo suka yi gini, sai suka hau kansa, ya zama ta ƙarƙashin gidaje yake bi, ba ta titi ba. Gidajen yamma kuwa wani bututu dabam ne ke ba su, daga babban titi. Muka koma sama muka fara bi. Baba na dafa sanda a gindin katanga, ya saurara, ya matsa gaba, ya sake dafawa. A bangon wani gida mai faffaɗan zaure, kusa da saman layin, ya tsaya. Ya daɗe kunnensa na kan sanda, idonsa a rufe. Sannan ya ce, "Zo ka ji."

Na manna kunne. Ba tsakin da na saba ji ba ne. Ƙarar zuba ruwa ce, a hankali, kamar ana kwarara shi daga ƙwarya a kan wani abu mai laushi. A zuba, a dakata, a sake zubawa.

Na ce, "Ana wanka a ciki."

Gwaggo Hajara ta ce daga bayanmu, "Ba mai wanka a gidan nan. Gidan Malam Isiyaku ne. A nan aka fara."

Malam Isiyaku malamin allo ne. Mun same shi zaune shi kaɗai a zaure, alluna jingine da bango a jere, ɗaliban duk ya sallame su sun koma garuruwansu. Gwaggo ce ta ba mu labarin a gabansa. Ƙanwar matarsa ce ta zo baƙunta daga wani gari, ta iso da ciwon, kwana ɗaya ta cika. Bayanta sai matar malam, sai 'yarsa budurwa. Dukansu Gwaggo ce ta wanke su, a wuri ɗaya, a bayan ɗaki, ruwan yana gangarawa cikin ramin da aka haƙa don haka.

Baba ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, muna neman izini mu shiga cikin gida. Muna zaton bututunmu ya bi ta bayan ɗakinka."

Malam ya ɗago kai ya dube mu. Ya ce, "Ku shiga. Babu wadda za a ɓoye muku kuma."

Tsakar gidan a share take, murhu ba toka mai ɗumi, tukwane a kife. Muka zagaya bayan ɗaki. Ko'ina a garin nan ƙasa ta bushe ta tsattsage, amma a nan ciyawa ce kore shar ta kewaye wata tsohuwar tabarma da aka danne da duwatsu. Na ɗage tabarmar. Ramin na nan, da ruwa a ciki har rabi, da kumfa kore-kore a gefe, ƙanshin kafur ya bugo mu haɗe da wani warin da ba zan kwatanta ba. Muna tsaye muna kallo, ruwan yana sauka. Ba wanda ya taɓa shi, ba iska, amma yana ja da baya a hankali yana barin alama a jikin ramin, har da ɗan juyi a tsakiya.

Gwaggo Hajara ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ai ya kamata a ce ya ƙafe tuntuni."

Baba ya ce, "Ba zai ƙafe ba. Da safe bututu ya cika shi, da rana ya karɓe abinsa."

Ni na koma na kira injiniyanmu da Malam Yakubu. Injiniyan bai ɓata lokaci ba, ya ce kada a sake buɗe wa layin ruwa, ya sa a kawo garin kulorin buhu guda. Malam Yakubu ya tsaya a bakin ramin ya daɗe, sannan ya ce daga yau ruwan farko zai riƙa aunawa a kowace unguwa da ake wa rabo, ko da zai riga 'yan ga-ruwa zuwa. Muka ɗaure hanci da ƙyalle, muka zazzaga garin a ramin har ya yi fari, muka fara haƙa ta gefe. Leburori biyu da aka turo mana suka ga wurin suka ce su ba za su iya ba. Ni da Baba muka yi.

Ba mu kai ƙugu ba diga ta taɓa ƙarfe. Wanda ya haƙa ramin wankan, saura kaɗan ya sare bututun bai sani ba. Daidai wurin kuma mahaɗa ce, dalmarta ta zame, igiyar ta ruɓe, an samu ɓaraka da yatsa zai shiga. Da na share laka da hannu sai na ga wani abu fari a bakin ɓarakar. Tsiri ne na farin ƙyalle, rabinsa a ciki, rabinsa a waje, yana kaɗawa, bututun yana jansa yana saki. Na kama na jawo. Ya yi ta fitowa, ya fi kamu ɗaya tsawo.

Malam Isiyaku ya riga ya zo yana tsaye a kanmu ban lura ba. Ya miƙo hannu. Na ce, "Malam, akwai cuta a jikinsa." Bai janye hannun ba. Gwaggo ta ce a hankali, "Sauran likkafanin yarinyar ne. Da shi na goge mata fuska." Baba ya tsoma ƙyallen a ruwan magani, ya matse, ya ba shi. Malam ya ninke shi ya koma zaure.

Aikin da ya biyo baya aikin ƙarfi ne. Injiniya ya yanke shawara a kashe tsohon bututun gaba ɗaya, a ja sabo ta titi, inda ido zai riƙa ganinsa. Mota ta riƙa kawo wa layin ruwa. Muka yi ta haƙa cikin zafin nan, muna narka dalma, kowace mahaɗa sai Baba ya bi ta da kurfi da kansa. Da muka gama muka cika sabon da magani mai ƙarfi, muka bar shi ya kwana, muka zubar, muka sake. Tsohon kuwa muka yanke shi sama da ƙasa, muka toshe bakunan biyu da dalma. Ranar da za mu rufe ramin ƙarshe, na ɗora sanda a kan mataccen bututun, don sabo kawai. Ba ruwa a cikinsa, ba ta inda iska za ta shiga. Amma na ji ana zubawa, ana dakatawa, ana sake zubawa. Na miƙa wa Baba sandar. Ya saurara, ya ɗago, ya goge kanta da gefen rigarsa.

Na ce, "Baba, mene ne wannan?"

Ya ce, "Mayar da ƙasa, Salisu."

Na mayar. Ban sake tambayarsa ba, shi ma bai sake tayar da maganar ba har muka rabu.

Cutar ta fara sauka daga ranar da aka rufe layin, amma ba ta tafi hannu wofi ba. Sabon famfo ya fara zuba a gindin ɗinya, Malam Yakubu ya auna ruwan farko a gaban jama'a, ya ɗaga kwalba kowa ya gani, duk da haka ba wanda ya yarda ya tara. Mutane suka gwammace su tsallaka yamma su roƙa. Ana cikin haka aka aiko mana cewa Gwaggo Hajara ta kwanta, tana neman masu ruwa. Ita ta daina shan famfon tun ranar da ta ji ƙanshin, amma hannunta bai fita daga cikin aikin ba ko yini ɗaya.

Muka tsaya a ƙofar ɗakinta, labule a sake. Muryarta ta shige ciki, da kyar ake ji.

Ta ce, "Garba, kai ne?"

"Ni ne, Hajara. Sannu. Allah Ya ba ki lafiya."

"Ba gaisuwa na kira ka ba. Kai ka san duk inda ƙarfenku ya bi a ƙasar nan. In an wanke ni, kada a haƙa rami a gidan nan. A tara ruwan a bokiti. Ka nuna musu inda za a zuba, inda ba zai koma bakin kowa ba."

Baba ya ce, "Na ɗauki alkawari."

Washegari da hantsi ta cika. Maƙwabtanta mata suka yi mata abin da ta yi wa nasu. Ni da Baba muka wuce gaba, da diga da sauran garin magani, har bayan gari, wani fako da babu bututu, babu rijiya, babu hanyar ruwa. Muka haƙa rami mai zurfi. Can sai ga matan sun taho a jere, kowacce da bokiti a ka an rufe da faifai, suna tafiya sannu don kada ɗigo ya zuba. Duk wanda suka tarar a hanya sai ya ja gefe ya tsaya. Suka juye ɗaya bayan ɗaya, muka zuba magani, muka wanke bokitan, su ma suka wanke hannuwansu, muka rufe ramin muka danne da duwatsu.

Da muka dawo an fito da ita, an ajiye makara a inuwar ɗinya, maza sun taru za a yi salla. Sai aka ga babu ruwan alwala, motar ba ta zo ba ran nan. Famfo na gefe yana zuba a ƙasa, mutane sun kewaye shi daga nesa, kowa na kallon ɗan'uwansa. Sai Malam Isiyaku ya fito daga cikin taron da butarsa. Tun rasuwar iyalinsa ba a ga ya sauko layin ba sai ran nan. Ya tara butar ta cika, ya zuba a tafin hannu ya kai hanci, ya daɗe yana shinshinawa. Ya juyo ya dubi Baba.

Ya ce, "Warin maganinku kawai nake ji."

Baba ya ce, "Shi kaɗai ne a ciki, Malam."

Malam ya yi bisimilla ya sha, ya ƙara sha, sannan ya tsuguna ya fara alwala. Bai kai ga wanke ƙafa ba mutane suka fara matsowa da butocinsu. Da ruwan nan aka yi alwalar sallarta.